Ofishin da ya shirya wa ɗana takardun zama a Turkiyya: inda suka yi ƙoƙari da inda suka gaza

Tun da yaron nan ya tafi karatu Istanbul a ƙarshen daminar 2024, iyaye ke tare ni a masallaci, a wajen ɗaurin aure, har a shagona da ke Tudun Wada, suna tambaya: Malam, su wa suka yi muku takardun, kuma ka yarda mu je wurinsu? Amsar ta fi ƙarfin tsayuwar bakin hanya, shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta ta gaba ɗaya. Aikin da ake yi a nan gida, tsakanin Kaduna da Abuja, sun iya shi ƙwarai, kuma ban kama su da ƙarya ba. Amma aikin da suka ce za su yi a can bayan yaro ya sauka, wanda suka karɓi kuɗinsa daban, bai ci kuɗinsa ba, har ya so ya jefa mu cikin asara babba. Tunda akwai ƙorafi a maganata, ba zan kama sunan wurin ba. Ofishi ne na harkar tafiye-tafiye da neman gurbin karatu, a saman wani bene a tsakiyar gari, ba nisa da titin Ahmadu Bello. Wanda ya san ni ya same ni in kwatanta masa.

Ɗaki biyu ne kawai da ɗan wurin jira. Matakalar benen tana da tsayi, dattijo mai ciwon gwiwa zai ji jiki, kuma in an ɗauke wuta inji na ɗaukar kwamfutoci ne kaɗai, fanka ba ta samu. Mai wurin mutum ne da bai wuce shekara arba'in ba, a can Turkiyyar ya yi karatu, yana jin harshensu. Amma wadda ke riƙe da aikin a zahiri wata yarinya ce da ke zaune a teburin farko, ita ke duba takardu, ita ke cike fom, ita ke tuna wa kowa abin da ya saura.

Abin da ya fara kwantar mini da hankali da su shi ne maganar da mai wurin ya yi mini tun kafin in ciro ko sisi. Na ce masa ina so a yi wa yaro biza da takardar zama gaba ɗaya, ya tafi da abinsa a hannu. Ya ce, "Baba, duk wanda ya ce maka zai ba ka takardar zaman Turkiyya a nan Kaduna, to ka riƙe aljihunka. Biza ce ake samu a Abuja, ita ke ba shi damar shiga. Takardar zama, wadda suke kira ikamet, sai ya sauka can, shi da kansa zai nema, da yatsunsa za a ɗauka. Mu abin da za mu iya shi ne mu tabbatar duk takardar da za a tambaye shi a can ya tafi da ita daga nan, da hatimin da ya kamata." Ya ɗauki biro ya zana mini a bayan wata takarda: dokar da ake bi ita ce mai lamba 6458 ta shekarar 2013, izinin zama iri shida ne a cikinta, akwai na gajeren zama, na iyali, na ɗalibi, na dogon zama wanda sai mutum ya shekara takwas a jere, da wasu biyu na jinƙai. Namu na ɗalibi ne. Ana fara nema ta intanet a shafin hukumar shige da ficensu, kuma dole a nema kafin kwanakin biza su ƙare, in ba haka ba akwai tara, har ana iya hana mutum sake shiga ƙasar na wani lokaci.

Ina zaune a wurin jira wata rana wani Alhaji ya shigo, daga maganarsa ɗan kasuwa ne mai saro kaya daga Laleli, unguwar 'yan sari a Istanbul. Ya gaji da neman biza kowace tafiya, yana so a yi masa takardar zama da bizar yawon buɗe ido, ya ce ko nawa ne zai biya, har ya fara zuge jaka. Mai wurin ya ɗora hannu a kan jakar ya ce, "Ranka ya daɗe, da can ana yi, mutum ya kama haya ya nuna takardar gida a ba shi shekara. Tun 2022 suka tsaurara, yawancin masu nema ta wannan hanya a karon farko ƙi ake yi musu. In gida za ka saya, tun Oktoban 2023 sai ya kai dala 200,000 kafin ya ba ka damar zama. In na karɓi kuɗinka yau, gobe ba za mu gaisa ba." Alhajin ya fita ransa a ɓace, yana cewa akwai wanda zai yi masa a wani wuri. Ni kuwa a ranar na biya kashin farko.

Yanzu ga inda suka ci kuɗinsu da gaske. Yarinyar nan ta ce in kawo duk wata takarda da ke ɗauke da sunan yaron, tun daga ta haihuwa. Ta share teburin, ta jera su gefe da gefe: takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, katin NIN, sakamakon WAEC, takardar kammala sakandare, da fasfo. Ta ɗauki rula tana bi layi-layi. Can ta ɗago ta ce, "Baba, a takarda uku Muhammad aka rubuta, a ta makaranta Mohammed, sannan a nan an sa sunan kaka a tsakiya, a nan kuma babu. Mu a wurinmu mutum ɗaya ne. Wanda zai duba a can bai san mu ba, harafi yake gani." Wannan abu ne da ke kusan kowane gida a Arewa, domin malamin da ya rubuta sunan yaro a aji ɗaya da wanda ya cike masa fom ɗin jarrabawa kowa da yadda ya iya rubutawa. Ta rubuta mini matakan gyara: rantsuwa a kotu, bugawa a jarida, da takarda daga makarantar da ke tabbatar da cewa mutum ɗaya ne. Ta kuma tuna mini kada in ɓata ƙafa ranar Juma'a, tunda tun Disambar 2021 ma'aikatan jihar Kaduna kwana huɗu suke zuwa ofis.

Ita ce kuma ta lura fasfonsa saura masa shekara ɗaya da 'yan watanni. Ni a ganina ya isa, tunda bai mutu ba. Ta bayyana mini cewa Turkiyya ba ta ba da izinin zama da ya kai ƙarshen fasfo, dole fasfon ya wuce wa'adin da ake nema da aƙalla kwana 60. Ma'ana in ya tafi da wannan, gajeren izini za a ba shi, kuma yana tsakiyar karatu zai koma neman sabunta fasfo a Ankara. Ta ce a yi masa sabo tun a gida, in da hali mai shafi 64 na shekara goma in shekarunsa sun ba da dama, in ba haka ba mai shafi 32 na shekara biyar. Na biyun aka yi masa.

Shekarun nasa ma sun kawo wani aikin. Lokacin tafiyar bai cika 18 ba, saura 'yan watanni. A dokarsu yaro ne, saboda haka sai da takardar amincewar iyaye, uwa da uba duka, da takardar haihuwa da za ta nuna sunayenmu, tunda fasfonmu na Najeriya ba ya ɗauke da sunan uwa ko na uba, fom ɗin su kuwa yana tambayar duka biyun. Mahaifiyarsa ba mai yawan fita ba ce. Yarinyar ta sa mana lokaci da sassafe kafin mutane su taru, ta sauko da takardar har cikin mota don kada Hajiya ta hau benen nan, ta durƙusa ta gaishe ta, ta karanta mata abin da ke ciki da Hausa kalma-kalma kafin ta sa hannu. Babu wannan a cikin lissafin da na biya. Allah Ya yi mata albarka.

Sai batun hatimi, wanda shi ne ya fi cin lokaci. Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar da ke sa hatimi ɗaya ya wadatar a ƙasashen waje, don haka takardar makaranta sai ta bi ta Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, ta bi ta Ma'aikatar Harkokin Waje, sannan ofishin jakadancin Turkiyya, duk a Abuja. Suna da mutum a Abuja da ke wannan zirga-zirgar. In ya karɓo takarda daga wani ofis, kafin ya wuce na gaba sai ya ɗauki hoton hatimin ya turo, ita kuma ta turo mini ta WhatsApp. Ban taɓa kwana ban san inda ainihin takardun ɗana suke ba, kuma duk wanda ya taɓa ba wani ainihin sakamakon jarrabawar ɗansa ya san abin da nake nufi. Ranar da ake buƙatar yaron da kansa, muka hau jirgin ƙasa daga Rigasa da safe, mutumin nasu ya tare mu a Idu, muka gama muka dawo a jirgin yamma. Sun kuma sa an haɗa da takardar makin ajin ƙarshe na sakandare, domin a can sai an daidaita takardar kammala sakandaren da tasu, abin da suke kira denklik, kuma ana neman makin a wurin.

Kuɗin wannan ɓangaren, wato ladan aikinsu ban da na gwamnati da na biza, naira dubu 250 na biya. A lokacin na ga ya yi yawa. Da na ga wani maƙwabcina da ya yi nasa da kansa yana kai-kawo a hanyar Abuja, ana mayar da shi saboda hatimi ɗaya ya riga ɗaya, sai na daina ganin yawansa. Ƙorafina a nan ɗaya ne: rasit ɗinsu dunƙule yake. Za a ce maka kawo kaza na Abuja, ba a raba maka nawa ne na ma'aikata, nawa ne na mota, nawa ne na ɗan aike. Da na matsa, an rubuta mini dalla-dalla kuma lissafin ya fita daidai, to me ya hana a yi haka tun farko? Mutumin da ba ya cin haram bai kamata ya bar ƙofar zargi a buɗe ba.

To, a nan daɗin labarin ya tsaya.

Suna da wani tsari da suke kira na tarba, dala 300. A bakin mai wurin, akwai yaronsu a Istanbul da zai tari ɗalibi a filin jirgi, ya sama masa masauki, ya raka shi ya ciro lambar haraji, ya yi inshorar lafiya, ya fassara takardu a wurin noter, wato ofishin da ke tabbatar da takardu, ya cike masa fom ɗin ikamet, har kati ya fito. Ga uban da ɗansa bai taɓa wuce Abuja ba, wannan magana ce mai sanyi. Na biya ban ko yi ciniki ba.

Tarba dai an yi. An ɗauko shi, an ba shi abinci, an saya masa layin waya. Matsalar ta fito ne daga masauki. Yaron nasu, wanda ashe shi ma ɗalibi ne da ke haɗa wannan da karatunsa, ya kai shi wani gida da 'yan Najeriya ke haya a ɓangaren Turai na birnin, saboda ya fi araha kuma akwai 'yan'uwa. Aka karɓi hayar wata guda da kuɗin ajiya. Ɗana ya kira ni yana murna, ya ce, "Abba, har tuwo suke yi a gidan." Sai da ya kai takardunsa ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'ar, wata ma'aikaciya ta dubi adireshin ta ce wannan ba zai shiga ba.

Abin da ya faru shi ne, gwamnatin Turkiyya ta rufe wasu wurare ga sababbin baƙi. Tun Janairun 2021 aka rufe gundumomin Fatih da Esenyurt a Istanbul, a 2022 aka ƙara wasu takwas a birnin, sannan a faɗin ƙasar aka rufe unguwanni 1,169 inda baƙi suka haura kashi 20 cikin ɗari na mazauna. Za ka iya kama haya a wurin, mai gida zai karɓi kuɗinka, amma hukuma ba za ta rubuta ka a adireshin ba, kuma ba adireshi ba ikamet. Gidan da aka kai shi yana cikin irin waɗannan wurare, jami'arsa kuma tana wata gunduma daban. Waɗanda ke cikin gidan tsofaffin zama ne da suka yi rajista tun kafin a rufe, shi ya sa su ba abin da ya dame su. Wannan ba ɓoyayyen abu ba ne, jerin yana shafin hukumar, kuma mutumin da ya karɓi dala 300 a kan wannan aikin shi ne na farko da ya kamata ya sani.

Kwanakin biza na tafiya, yaro ɗan shekara 17 yana ƙasar da ba ya jin harshenta, ga sanyi ya fara shigowa. Ya kira ɗan rakiyar, shi kuma ya ce yana da jarrabawa, zai zo jibi. Jibi ta zo, waya ba ta shiga. Na kira ofishin nan Kaduna ranar Asabar, ba wanda ya ɗauka, saƙon WhatsApp kuma ba a buɗe ba sai Litinin. Mahaifiyarsa ta daina cin abinci. Ni kaina na kasa zaman shago. Kamfanin da ke tura 'ya'yan mutane ƙetare ba shi da hujjar kashe waya kwana biyu, ko da lamba ɗaya ce ta gaggawa ya kamata a bari a kunne.

Waɗanda suka fitar da mu su ne ma'aikatan jami'ar, ba tare da an biya su ko kwabo ba. Suka sama masa gado a ɗakin kwanan ɗalibai, suka ba shi takardar shaidar zama a wurin, wadda ta tsaya a madadin yarjejeniyar haya. Suka zaunar da shi gaban kwamfuta ya cike fom ɗin da kansa, suka ba shi jerin abin da zai haɗa: hoto huɗu mai farin baya, kwafin fasfo da shafin biza da hatimin shiga, takardar shaidar ɗalibta, inshora, rasit ɗin kuɗin kati, da takardun da ya taho da su daga gida. Ya je aka ɗauki yatsunsa, jami'ar ta karɓi fayil ɗin ta miƙa wa hukuma. A nan ne aikin yarinyar nan ta Kaduna ya nuna kansa. Ɗana ya ce mini a gabansa aka mayar da wasu ɗalibai saboda takardar amincewar iyaye ko bambancin suna, shi kuwa aka buɗe nasa aka rufe, ba a ce komai ya saura ba. Doka ta ba hukumar har kwana 90 ta yanke hukunci, kuma takardar shaidar nema tana tsare mutum a wannan tsakanin. Nasa bai kai haka ba. Katin ya zo ta gidan wayarsu, PTT, aka ba shi hannu da hannu bayan ya nuna fasfo, da lambarsa ta baƙo mai farawa da 99, wadda da ita ya buɗe asusun banki.

Da Litinin ta yi na hau benen. Ba zan ɓoye ba, na ɗaga murya. Mai wurin bai yi musu ba, bai kuma ɗora wa yaron nasu laifin shi kaɗai ba, ya ce su suka tura shi, nasu ne. A gabana ya kira ɗana ya ba shi haƙuri. Ya mayar mini da rabin dala 300 ɗin, ya ce sauran an kashe a mota da layin waya da fassara. Kuɗin ajiyar gidan kuwa har yau ba a gan shi ba, mai gidan ya ce mu muka fasa. A ganina ya kamata ofishin ya ɗauki wannan asarar, domin ba mu muka zaɓi gidan ba. Mun rabu a kan haka ba mu daidaita ba, kodayake muna gaisawa.

Akwai ƙananan abubuwa da tsarin tarbar ya kamata ya faɗa wa yaro bai faɗa ba, sai a bakin abokai ya ji. Wayar da aka shigo da ita daga waje tana daina aiki da layin Turkiyya bayan kwana 120 in ba a yi mata rajista ba, kuɗin rajistar kuma ya fi ƙarfin wayar da ɗalibi ke riƙewa, gara a tanadi kuɗin sayen wata a can. In ya canza masauki, yana da ranakun aiki 20 ya sanar da hukuma. Akwai lambar waya 157 ta hukumar baƙi da ake amsawa da Turanci da Larabci, wadda da ya san da ita tun ranar farko, da ya tambayi matsayin unguwar nan kafin ya biya haya. Kuma ga iyayen da ke lissafin yaro zai je ya yi aiki ya riƙe kansa: ikamet ɗin ɗalibi ba izinin aiki ba ne, mai karatun digirin farko sai ya gama shekarar farko kafin a nema masa izinin aiki na ɗan lokaci.

Saboda haka ga abin da nake faɗa wa masu tambayata. In takardunku na da 'yar matsala, suna, ranar haihuwa, yaro bai kai 18 ba, ko ba ku da wanda zai yi muku yawon Abuja, ku je wurinsu, ku nemi yarinyar teburin farko, ku ba ta lokaci aƙalla wata uku kafin buɗe makaranta, kuma ku ce a raba muku rasit tun ranar farko. Tsarin tarba kuwa ku bar shi, sai dai in ɗauko yaro daga filin jirgi kawai za ku biya. Ku rubuta wa ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'ar tun kuna gida, ku nemi gado a ɗakin kwanan ɗalibai ko da na zangon farko ne, kuma kada a biya hayar ko'ina sai jami'ar ta ga adireshin ta ce ya yi, domin jerin unguwannin nan yana canzawa.

Sabuntawa ana fara ta ne in ya rage kwana 60 izinin ya ƙare. Yaron ya yi tasa shi kaɗai, abin da ya nema a wurina kuɗin inshora da na kati ne kawai. Ƙanwarsa na ajin ƙarshe yanzu, kuma na riga na kai wa yarinyar nan takardunta ta jera a tebur. Ta samo bambancin wata guda a ranar haihuwa tsakanin katin NIN da takardar makaranta, mun fara gyara tun kafin a yi rajistar WAEC.